Ƙaron Gwaggo Kaltume

Sunansa na yanka Abdulƙadiri. Sunan kakansa ne na wajen uba, saboda haka ba wanda ya iya furta shi a gidan, aka koma ce masa Malami tun yana zanin goyo. A Taloka aka haife shi, a shekarun da manyan motoci ke kai da kawowa da duwatsu ana ɗaure ruwan Rima a Goronyo. Ubansa Mode manomin gero ne da wake, sai da ruwan dam ya samu ya ƙara da albasa da rani. Malami yana shekara shida zazzaɓi ya ɗauke uwarsa. Yayar Mode, Kaltume, wadda ke aure a wani gidan malamai a Wurno, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zo zaman makoki, ranar da aka yi sadakar bakwai ta kama hannun yaron ta tafi da shi.

Sana'ar Gwaggo Kaltume tawada ce. A wurin uwarta ta koya, kuma bayan mijinta ya rasu da ita ta riƙe kanta, ta riƙe Malami. Malaman Wurno da na ƙauyukan gefe sun san tawadarta, ba ta tsinkewa a kurtu, ba ta dushewa a takarda. Tsakar gidanta kullum akwai tukwane uku a jere gindin katanga, da ƙwaryar ƙaro a jiƙe, da gawayi da baƙin tukunya a kasko. Hannuwanta kuwa baƙin ya riga ya shiga layukan tafin, ko an wanke ba ya fita. Malami ne mai tsintar ƙaro da tace shi da ƙyalle, don haka shi ma faratansa baƙaƙe ne. Ba ta kiran sunansa. Babana take ce masa, tun da sunan mahaifinta ya ci.

Sai da ya shiga sakandare ta kwana ya san akwai abin kunya a cikin wannan. Ranar farko a wurin cin abinci wani ɗan ma'aikacin gwamnati ya dubi hannunsa ya janye kwanonsa, ya ce shi ba zai ci da ɗan mai tawada ba. Sunan ya bi shi shekara shida. Tun daga nan duk ƙarshen hutu sai ya zauna bayan ɗaki da toka da lemun tsami yana dirzar faratansa har su yi jini. Da ya tafi kwalejin fasaha a Sakkwato, in aka tambaye shi gida, sai ya ce ubansa yana aiki a dam. Ya fito da sakamako mai kyau, ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwajen sashen sinadarai na wata jami'a, ya auri Sauda, malamar firamare. Bai yanke zumunci ba. Yakan je Wurno da sabulu da goro da atamfar salla. Amma abokan aikinsa ba wanda ya taɓa jin sunan Kaltume a bakinsa.

Ya kai shekara goma sha biyu a wannan aiki lokacin da Dakta Sa'adiyya, malama a sashen, ta dawo daga karatu a ƙasar waje. 'Yar Rabah ce, daga gidan alƙalai, mace mai ƙarancin magana da yawan lura. Ta dawo da wata 'yar kwalba cike da baƙin gari mara nauyi, ta ce Malami ne zai taya ta aiki a kansa, don an gaya mata duk sashen ba mai tsabtar hannu kamarsa.

Ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Garin nan, in ji ta, ba gari ba ne, tarin 'yan bututu ne na kabon, waɗanda masana ke kira nanotub. Siraran gaske ne, in aka tsaga gashin kai guda gida dubbai, to kaurinsu ke nan. Suna da ƙarfi, suna ɗaukar wutar lantarki, ana sa rai da su a na'urori iri-iri. Matsalarsu biyu ce. Ta farko, suna manne wa juna su dunƙule, in ka zuba su a ruwa sai su taru su kwanta a ƙasa. Ta biyu, daga inda aka ƙera su suke fitowa gauraye da toka da burbushin ƙarfe. Maganin da aka samo shi ne a zuba folima, wato wani sinadari mai dogon jiki kamar zare, wanda zai naɗe kowane bututu kamar yadda wake ke naɗe karan dawa. In an naɗe shi ba zai ƙara manne wa ɗan'uwansa ba, sai ya tsaya a cikin ruwa, dattin kuma ya sauka ƙasa, a tsiyaye mai kyau a bar shi.

Wata huɗu suna aiki da folimar da ta zo da ita, sai ta ƙare. Wadda aka yi oda ta maƙale a hanya, ba ranar zuwa. Dakta ta ce ta karanta cewa wasu a waje sun taɓa gwada ƙaro, tun da shi ma folima ne da Allah ya halitta a jikin itace. Ta aika aka sayo mudu guda a kasuwa, aka daka, aka dafa, aka haɗa da garin, aka sa a na'urar da ke girgiza ruwa. Kwana biyu baƙin ya kwanta a gindin kwalba kamar laka, ruwan sama ya yi tsami yana wari. Aka sake, aka sake, duk ɗaya.

Malami yana ganin kwalbar farko ya san inda aka yi kuskure. Hannunsa ya sani kafin kansa. Amma ya yi shiru har mako guda, don bai san yadda zai faɗa ba tare da an tambaye shi ina ya sani ba. Ranar Asabar ya shiga mota ya tafi Wurno. Bayan sun gaisa ya ci tuwon shinkafa, sai ya kawo zancen a kaikaice, kamar mai tuna yarinta, ya ce wai shin me ya sa tawadar wasu ke tsinkewa.

Gwaggo ta yi dariya. "Ashe ka mance, Babana? Ƙaro ba ɗaya na ba. Na kasuwa gauraye shike, da na dakwara da na wasu itace da ƙasa. Na dakwara kaka tsinta, hwari mai haske, wanda in ka ɗaga ga rana kana ganin inuwar yatsanka. Kuma ba a dahwa shi. Ruwan sanyi aka jiƙa shi, kwana guda, a tace sau ukku, a kwashe kumhwa. In ka haɗa da baƙin kada ka yi garaje. Ka aje shi kwanta, ka tsiyaye na bisa a hankali ka bar na ƙasa. Tukunya ukku, kowace da kwananta. Sannan ka ɗiga bisa farce. In ɗigon ya tsaya shina sheƙi, gehenai bai koma ruwa ba, to ta yi."

Da zai tafi ta ƙulle masa ƙaro tsintacce a leda, ba ta tambaye shi abin da zai yi da shi ba.

Ya bi maganarta ɗaya bayan ɗaya, sai dai kwalaben gilashi ya sa a madadin tukwane, ya kuma haɗa da na'urar girgizawa da injin da ke wulwula kwalba don datti ya yi saurin sauka. Kwalbar ta uku ta fito baƙa wuluk, sumul, ba gudaji. Aka ajiye ta a kan teburin aiki. Mako guda, mako uku, wata guda, ba abin da ya kwanta. Dakta ta aika samfur wani wuri mai manyan na'urori, amsa ta dawo cewa toka da burbushin ƙarfen sun ragu sosai. Ranar ta shigo da takardar a hannu, fuskarta a sake kamar yadda bai taɓa gani ba.

"Malam Malami, yaya aka yi ka gano wannan? Tsintar ƙaron, da ruwan sanyi, da tsiyaya sau uku?"

 Ya dubi teburin aiki, ya ce, "Tunani ne kawai, ranki ya daɗe. Na yi ta gwadawa ni kaɗai bayan an tashi."

Ta yaba masa a gaban shugaban sashe, ta ce sunansa zai shiga takardar da za su buga. Ta sa shi ya rubuta hanyar dalla-dalla da hannunsa. Ya rubuta. Sauda ta yi murna har ta yi masa dambun nama, shi kuwa ya ci kaɗan ya ture.

Ƙaron leda ya ƙare. Dakta ta ce a takarda dole a faɗi inda ƙaron ya fito da irin itacen, don haka tana so ta ga wurin da idonta. Malami ya ce wurin wata tsohuwa yake samu a Wurno, kuma hanya ba kyau, ya isa ya je shi kaɗai. Ta ce ita 'yar Rabah ce, ba wanda zai koya mata hanyar Wurno. Asabar da safe suka tafi a motarta.

Duk tsawon hanya yana shirya yadda zai riga ta shiga ya yi wa Gwaggo raɗa. Bai yi la'akari da cewa Dakta mace ce ba, ba ta buƙatar jira a zaure. Yana yin sallama tana bayansa. Gwaggo tana tsugune gaban tukwanenta, ta ɗago, fuskarta ta washe, ta dafa gwiwa za ta miƙe, bakinta ya buɗe. Ya san kalmar da za ta fito. Sai ya riga ta, da murya mai ƙarfi wadda shi kansa bai gane ta ba.

"Ranki ya daɗe, ga tsohuwar da nake karɓar ƙaro a wurinta."

Yana tsaye, takalmi a ƙafa, a tsakiyar gidan da aka yi masa kaciya. Gwaggo ta dube shi, ta dubi baƙuwar da farin gilashinta da jakarta. Ta rufe bakinta a hankali. Sannan ta ce, "Sannunku da zuwa. Sannu, Malam ma'aikaci." Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa.

Dakta ta tuɓe takalmi ta durƙusa ta gaishe ta, tana ce mata Inna. Harshenta ya koma na gida tsantsa. Idonta ya faɗa kan tukwane uku, da ƙyallen tata a shanye bisa igiya.

"Inna, waɗanga tukwane na mi na?"

Gwaggo ta yi mata bayani, don ba ta iya ƙarya a kan sana'arta. Tsintar na dakwara, ruwan sanyi, tata uku, kwashe kumfa, tsiyaya. Har ta kama babban yatsan Dakta ta ɗiga mata tawada a farce. Kowace kalma Malami yana jin ta kamar ana karanta masa shafin da ya rubuta da hannunsa. Ya kafa ido a kan wata kaza da ke tono gindin katanga.

"Wa yak koya miki, Inna?"

"Uwata. Ita ma ga tata uwar tag gani."

"Shi Malam, ya taɓa zama ya ga kina yi?"

Gwaggo ba ta dube shi ba. "Shina dai zuwa amsar ƙaro," ta ce.

Azahar ta yi, Gwaggo ta kai baƙuwa ɗakinta ta yi salla. Malami ya fita masallaci, ya bi ta lungu don kada ya haɗu da wanda zai kira sunansa. Sai a sujada ya tuna abin da ke rataye a bangon ɗakin, sama da gado: hotonsa na ranar gama kwaleji, da riga da hula mai tuntu, Gwaggo a gefensa ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi.

Sun bar Wurno, sun wuce gonakin shinkafa. Sai da suka yi nisa Dakta ta ce, idonta a kan hanya, "Rigar gama karatun ta yi maka kyau."

Ya kau da kai wajen taga.

"Ba zan kai ƙararka ko'ina ba," ta ce. "Shafin da ka rubuta za ka sake shi, ka faɗi inda hanyar ta fito. Wannan shi ne nawa. Sauran kuwa ba ni ka yi wa ba. Kakata ma tana yin tawada, Malam Malami. Da ita kakana ya rubuta hukuncinsa."

Ya so ya ce ta tsaya ya sauka ya koma. Bai ce ba. Mako bakwai bai taka Wurno ba. Yana zuwa aiki, yana wanke kwalabe, yana kauce wa idon Dakta. In Sauda ta tambaye shi me ke damunsa sai ya ce ciwon kai ne. Ana nan sai ga Mode daga Taloka da buhun albasa a bayan babur. Bayan an gaisa ya ce ya biya ta Wurno, yayarsa tana tambaya ko Malami ba shi da lafiya ne. Malami ya ce ba ta faɗi wani abu ba? Mode ya ce wane abu? A nan ya gane ko ɗan'uwanta ba ta gaya wa ba. Ya shiga banɗaki ya daɗe. Da ya fito ya zaunar da Sauda ya gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Matar da ta zo ta zauna mini wankan jego kwana arba'in?" Ta tashi ta shiga madafa.

Washegari ya tafi. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure. Ya iske ta tana tsintar ƙaro a faifai. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam ma'aikaci, ƙaron ya ƙare?"

Ya zube a gabanta. Ya shirya magana mai tsawo a mota, duk ta gudu. Sai kuka, irin na babban mutum, mai muni, mai sa kafaɗu rawa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, tana ci gaba da tsinta.

"Tashi zaune," ta ce daga baya. "Kana tsammanin ban sani ba? Tun kana sakandare nika ganin toka da ɓawon lemu bayan ɗaki. Ban ga laihinka ba, yaro na kai, kuma hannun ga nau ba abin nuna ma mutane ba na. Da ka ce man, Gwaggo ga baƙuwa tahe, ki yi kamar ba ki san ni ba, wallahi da na yi maka. Abin da yaƙ ƙona man rai guda na. Ka shigo gidan ga ka tsaya man tsaye. Baƙuwa ta durƙusa, kai kana tsaye. Ko mai sai da ƙaro ta ni, ai tsohuwa ta."

Ya ce, "Gwaggo, ki yahe man."

"Na yahe tun ran nan. Amma ban mance ba, kada in yi maka ƙarya." Ta tura masa faifan. "Idona ya rage. Tsince man wanga."

Ya zauna ya tsince har la'asar.

Dakta ba ta nemi ya yi magana a gaban kowa ba, shi ya roƙa. Ranar da aka gabatar da aikin a taron sashe, bayan ta gama, ya miƙe. Ya ce hanyar tsabtace ƙaron da tsiyayar ba shi ya ƙirƙira ba, ta gwaggonsa ce da ta rene shi, mai yin tawada a Wurno, kuma a baya ya ce tasa ce. Ya tsaya yana jiran dariya. Wani malami ya ce, "Allah sarki, abin sha'awa." Wani ya tambaya ko za a iya samun ƙaron da yawa. Shugaban sashe ya dubi agogo ya ce a wuce ga batu na gaba. Shi ke nan. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Shekara ashirin da wani abu yana ɓoye ta saboda tsoron mutanen nan, ashe ba wanda ya damu.

Takardar ta fito a wata mujalla mai matsakaicin suna, sunansa na uku, sunan Kaltume a sakin layin da ke bayanin hanya da kuma wurin godiya. Aikin bai yi nisan da suka so ba. Ƙaro ya raba bututun da datti, amma ya kasa rarrabe su iri-iri, wannan sai da wasu folimomin da ba su samu ba. Bayan shekara biyu Dakta ta koma wata jami'a, 'yar kwalbar garin ma ta ƙare. Malami ya kai wa Gwaggo mujallar, ya nuna mata inda sunanta yake. Ta shafa shafin, ta kai shi kusa da ido, ta ce tawadarsu ba ta da laifi amma ta cika siriri.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ya yi ya yi ta dawo gidansa a Sakkwato, ta ce ba ta barin ɗakin mijinta. Don haka shi ya riƙa zuwa duk Asabar, ko da hanyar ta fara lalacewa da 'yan bindiga, mutane suna jan kunnensa. Ta rasu da damina, yana riƙe da kanta.

Yau Malami ya haura arba'in, furfura ta cinye masa gemu, yana nan a ɗakin gwaje-gwajen. Mode ya tsufa, ya bar wa ƙannen Malami gonar albasa ya dawo wurinsa da zama. Lokacin da aka buɗe neman ƙarin girma zuwa babban jami'in ɗakin gwaji, fom ɗin yana da gurbin takardun da mutum ya buga. Malami ya bar gurbin fayau. Sauda ta gani, ta ce wannan kuma wauta ce, ai shi ya yi wata da watanni yana tsaye kan kwalaben, kuma matar ta yafe masa da bakinta. Ya ce ya sani. Ta ce to ya rubuta mana. Ya ɗauki biro ya riƙe, ya daɗe, ya ajiye. Aka ba wani, shi sai bayan shekara uku ya samu, da tsufan aiki. Sauda har yanzu takan tayar da zancen in ranta ya ɓaci, shi kuwa ba ya musu da ita.